Kwana 12 cikin hunturun Tanut: yadda aka koya mana faɗuwa

 Da yawa daga cikinku sun aiko saƙo suna tambaya ina muka shiga a ƙarshen watan Disamba. Har wani dattijo daga Bakin Birji ya kira gidan radiyo yana tambaya ko korarmu aka yi ba a faɗa ba. Ba a kore mu ba, Baba. Lakwal muka koma. Kwana 12 muka yi a nan Tanut, cikin wani kilas na firamare da yara suka bari saboda hutun ƙarshen shekara, ana koya mana yadda ake koyar da kokowa da yadda ake alƙalancinta. Mun yi alkawari za mu ba ku labari, amma minti 30 na shirinmu ba zai ɗauke shi ba, shi ya sa muka kawo shi nan.

Mu 21 ne. Akwai mutanen Gangara, da na Falenko, da na Olelewa, da ɗaya daga Tenhiya, sai huɗu daga Tarka can wajen Belbeji. Yawanci manoma ne da ba su daɗe da zuba hatsi a rumbu ba. Akwai malaman firamare biyu, da tela ɗaya, da wani yaro da bai cika wata biyu da dawowa daga haƙar zinariya a Jado ba. Sai mu, waɗanda rabonmu da ɗaura walki tun muna CEG. Kun san aikinmu: shekara da shekaru muna riƙe da makirofo a bakin fage, muna faɗa muku wa ya kama ƙugun wa, wa alƙali ya cuta. Da aka ce ana neman waɗanda za su riƙa horar da yara a unguwanni, sai muka ce bari mu ma mu shiga rairayin nan da muka daɗe muna bayani a kansa daga kan kujera.

Ba sai mun faɗa wa ɗan Damargu abin da ake kira ɗari ba. Amma ɗarin ɗakinka daban, ɗarin kilas mai rufin kwano daban. Muka tura teburan yara jikin bango, muka shimfiɗa tabarmi. Taga ɗaya ba ta da marfi, muka toshe ta da buhu, iska ta cire, muka sake toshewa, haka dai har aka gama. Alwalar asuba kuwa, ruwan kamar reza. Ƙarfe 6 ana busa usur, mu fita gudu gefen hanyar Agadas cikin hazo, ba ka ganin wanda ke gabanka sai dai ka ji tarinsa. Kafin kwana uku kowa ya yi faso a dunduniya, leɓe ya tsage, kwalbar man kaɗe guda tana yawo daga tabarma zuwa tabarma. Ruwa kuma, kun san Tanut. Jarka biyu aka ware wa kowane mutum biyar a rana, har da wanka, har da wanki. Wanda ya yi birgima a rairayi tun safe ya koyi wanka da buta ɗaya. Da safe kunu, da rana fura, da dare tuwon hatsi da miyar kuka, ranar da aka yi shinkafa da wake sai ka ce salla ce.

Malamanmu biyu ne, kuma ba su yi kama da juna ko kaɗan ba. Ɗaya malamin motsa jiki ne da ya yi karatu a INJS ta Yamai, yana da usur a wuya, da agogon ƙirga sakan, da littafin da yake rubuta komai. Mushe muke ce masa. Ɗayan tsohon ɗan kokowa ne, ya haura sittin, bai taɓa zama a kilas ba sai wannan karon, yatsunsa biyu na hagu sun karkace tun zamanin da yake shiga fage. Shi kowa Baba yake ce masa, har Mushe.

Ranar farko kowa ya fito yana jin ƙarfi. Masu layu sun ɗaura, masu guru sun ɗaura. Muna jiran a ce a kama. Sai Baba ya ce kowa ya tsuguna, ya manna haɓarsa a ƙirji, ya lanƙwasa baya, ya mirgina baya. Ya tashi. Ya sake. Daga tsugune aka koma daga tsaye. Daga baya aka koma gefen dama, sannan gefen hagu. Kada ka miƙa hannu ka tokare ƙasa, nan wuyan hannu da gwiwar hannu suke karyewa. Kada ka saki wuya, ƙeya ce za ta bugu. Ka fitar da numfashi lokacin da ka taɓa ƙasa. Ranar farko ke nan. Rana ta biyu haka. Rana ta uku ma haka.

A nan ne gunaguni ya fara. Akwai wani ƙato a cikinmu daga ƙauyukan Gangara, da sunan garin muke kiransa. Wallahi in ya tsaya a ƙofar kilas sai haske ya ragu. Shekara tara, in ji mutanensu, bayansa bai taɓa ƙasa a fage ba. Rana ta uku da hantsi ya tsaya cak ya ce: "Baba, ni ban baro iyalina na zo koyon faɗuwa ba. Faɗuwa ai na wanda na kama ne." Wasu suka yi dariya, mu ma a ciki. Baba bai yi fushi ba. Ya ɗaga hannunsa na hagu, ya nuna yatsun nan, ya ce: "Ɗana, ni ma haka na ce. Yara talatin za a ba ka. In an yi kokowa, sha biyar cikinsu za su faɗi. Su wa zai koya musu?" Gangara ya yi shiru, amma kowa ya ga maganar ba ta shige shi ba.

Bari mu ɗan tsaya a nan, don wannan ita ce muhawarar da muka riƙa yi kowane dare wajen shayi. A ƙauyukanmu ba wanda yake koya wa yaro kokowa. Bayan kaka, in wata ya yi fari, a dandali ake kamawa, ƙarami yana kallon babba, ya sha kaye har ya gane. Haka su Kantu na Maradi suka taso, wanda ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975. Haka Salma Ɗan Rani na Doso, haka Langa-Langa wanda fagen Damagaram yake ɗauke da sunansa. To wa zai ce wannan hanya ba ta haifar da gwanaye ba? Ba mu ba. Sai dai Mushe ya yi wata tambaya da ta hana mu barci. Ya ce kowa ya tuna a garinsu, cikin sa'o'insa, wa ya bar kokowa saboda kafaɗa, ko gwiwa, ko wuya. Aka zagaya. Cikin mu 21, ba wanda ya rasa suna. Ɗan Tarka ɗaya ya ce yayansa ne, yau shekara goma sha ɗaya ba ya iya ɗaga hauya sama da kafaɗa. Mu masu radiyo gwanaye muke ƙirgawa. Waɗannan ba mu taɓa ambatarsu a iska ba, ko sau ɗaya.

Rana ta huɗu aka kawo wata ma'aikaciyar lafiya ta yi mana yini guda. Ƙarama ce, muryarta ba ta da ƙarfi, ƙattin nan da farko suna ta raɗa. Ta kwantar da tela a rairayi ta ce: "Ga yaro ya faɗi da ka, bai tashi ba. Me za ku yi?" Nan take mutum huɗu suka ruga, ɗaya ya kama hannu, ɗaya ƙafa, ɗaya yana neman ruwa. Ta ce: "Kun gama da shi." Ta nuna mana yadda mutum ɗaya zai durƙusa ya riƙe kan yaron da hannu biyu kada ya motsa, a yi masa magana, a tambaye shi ko yana jin yatsun ƙafarsa, kada a ɗaga shi, kada a ja wuyansa wai a gyara, kada a ɗura masa ruwa. In kafaɗa ta goce, ba a fizga, a ɗaure hannun jikin ƙirji a tafi gidan likita. In yaro ya bugu a ka yana jiri ko amai, ko ya manta abin da ya faru, ya gama kokowar wannan rana ko da ubansa ya zo da kansa ya ce ya koma. Wani ya tambaye ta batun maɗori. Ta ce ba ta zo raba kowa da maɗorinsa ba, amma wuya da ƙashin baya ba nasa ba ne.

Rana ta shida aka kawo yaran unguwa, kamar arba'in, ƴan shekara 9 zuwa 14. Kafin a fara sai Mushe ya aika aka aro sikelin wani mai sayen hatsi a kasuwa, aka auna kowane yaro. Abin ya ba mutane dariya, har mata suka leƙo ta katanga. Dalilinsa shi ne: a gasar takobi babu ajin nauyi, jihohi 8 kowace ta kawo ƴan kokowa 10, ƙarami ya haɗu da ƙato, in ya kayar da shi fage ya ɗauka. Wannan daɗin kokowar manya ke nan. Amma yaro mai kilo 28 da mai kilo 45 ba gwaninta ce tsakaninsu ba, haɗari ne. Aka raba su kashi-kashi, kowane ɗayanmu aka ba shi yara biyu ko uku da minti goma.

Namu aibin ya fito nan da nan. Kun san mu da baki. Muka tara yaranmu uku muka fara bayani, daga tarihin takobi har zuwa Isaka Isaka na Doso da ya ɗauke shi sau shida. Minti bakwai suka wuce, yara suna rawar ɗari, ba wanda ya taɓa wani. Baba ya zo ta baya ya dafa kafaɗarmu ya ce: "Mai radiyo, a nan ba a biyan ka da magana. Kalma uku, sannan ka nuna." Daga ranar duk wanda ya tsawaita bayani sai a ce ya buɗe tasha.

Na Gangara ya fi namu nauyi. An ba shi wani yaro ɗan shekara 12, siriri, mai wayo. Zai nuna masa taɗiya. Bai yi da mugunta ba, Allah ya sani, jikinsa ne bai san sannu ba. Ƙafa ta shiga, kafin ka ƙifta yaro yana sama. Yaron bai sami kwana ukun nan namu ba, sai ya yi abin da kowane ɗan Adam zai yi, ya miƙa hannu ya tokare ƙasa. Ƙarar da ya yi har yanzu tana kunnenmu. Aka ruga. Abin mamaki, tela ne, wanda aka kwantar shekaranjiya, ya daka tsawa ya ce kada kowa ya taɓa shi. Aka ɗaure hannun da rawanin wani, aka ɗora shi a moto zuwa gidan likita. Awa biyu muna zaune a rairayi ba mai magana. Da aka dawo aka ce targaɗe ne, ƙashi bai karye ba.

Da la'asar uban yaron ya zo. Mun zaci faɗa zai yi. Ya gaisa da Baba, ya ce shi ma ya yi kokowa, ya san fage. Sannan ya ce: "Amma ni na ba ku shi ne don an ce malamai ne." Ya juya ya tafi. Gara ya zage mu.

Daren nan Gangara bai ci tuwo ba. Lokacin gasar takobi ne, kowane dare muna kewaye radiyo da wayoyi muna sauraron yadda aka kwashe, ana gardama, ana kwaikwayon kirari. Shi yana can ƙarshen kilas ya juya fuska bango. Wajen ƙarfe ɗaya muka ji motsi, ya naɗe tabarmarsa zai tafi tasha. Yaron Jado ne ya tare ƙofa. Ba mu ji duk abin da suka faɗa ba. Abin da muka ji shi ne: "Yaya, in ka tafi yanzu, abin da garin nan zai riƙe game da kai ke nan." Da asuba muka gan shi a sahun gudu.

Sati na biyu alƙalanci ne, kuma a nan ne mu muka sha tamu kunyar. Kun sha jin mu a iska muna cewa alƙali ya kwana, alƙali ya ci kuɗi, makaho ma ya ga wannan kaye. To aka ba mu usur. Aka kewaye fage da buhunan rairayi, mutanen gari suka taru don sun ji ana kokowa kyauta. Ɗan Falenko da ɗan Tarka suka kama. Daga kujera, kokowa a fili take kamar tafin hannu. Daga ciki kuwa ƙura ce, da gumi, da bayan mutum da ya tare maka komai, kana zagayawa kana neman inda za ka ga ƙafa huɗu a lokaci guda. Suka tafi ƙasa tare. Jama'a suka ɗau ihu ta gefen ɗan Falenko, don ƴan uwansa sun fi yawa a wurin. Muka busa, muka ɗaga hannunsa. Mushe ya kira mu gefe ya nuna mana abin da ya ɗauka da waya. Ɗuwawun ɗan Falenko ne ya fara taɓa ƙasa, ƙarara. Ya ce: "Me ka gani?" Muka ce gaskiya ba mu ga komai ba. Ya ce: "To me ka busa?" Ihun muka busa. Dole muka koma tsakiyar fage, gaban mutanen da suka san muryarmu, muka ce mun yi kuskure, ɗan Tarka ne ya yi kaye. Wani daga cikin taro ya ɗaga murya ya ce: "Gobe ka faɗa a radiyo!" To ga shi mun faɗa. Ba mu ce daga yau alƙali ba zai sha suka a shirinmu ba, wanda ya yi son kai za mu faɗa. Amma kalmar "makaho ma ya gani" mun ajiye ta.

Kada ku ɗauka komai lafiya aka yi. Kuɗin abinci da na mota da aka yi mana alkawari bai zo ba sai kwana biyu kafin a tashi, shi ma bai cika ba. Mutum biyu sun tafi tun a tsakiya, ɗaya matarsa ta haihu, ɗaya ya ce ba zai iya barin awakinsa a hannun yara don takardar da ba ta sayen ko tiya ɗaya ta hatsi ba. Ba mu ga laifinsa ba. Takardar shaidar nan ba albashi ba ce, ba wanda ya ce za a ɗauke mu aiki. Kuma kokowa a nan sana'ar wata uku ce ko huɗu, daga kaka zuwa ƙarshen ɗari. Da zafi ya shigo, rabin samarin da za a horar sun kama hanyar Agadas, wasu Libiya, wasu Aljeriya, wasu Jado. Yaron Jado ya faɗa mana a fili: shi in damina ta yi kyau zai zauna ya riƙe yaran garinsu, in ba ta yi ba, zai koma rami. Ba wanda ya iya ce masa komai, har Mushe.

Ranar ƙarshe jarrabawa. Kashi uku: tambayoyi da baki, da Hausa ko Faransanci, wanda mutum ya zaɓa, alƙalancin kokowa biyu, sai darasi na minti goma da yara. Mun samu, amma da kyar, Mushe ya rubuta a gefen takardarmu cewa har yanzu bayani ya yi yawa.

Da aka zo kan Gangara wuri ya yi tsit. Cikin yaran da aka kawo har da yaron nan, hannunsa ɗaure da ƙyalle, ya zo kallo. Gangara ya cire gurunsa da layunsa ya miƙa wa Baba ya riƙe. Ya zaɓi mafi ƙanƙanta cikin yaran, ɗan shekara tara. Ya durƙusa har kansu ya zo daidai. Ya ce masa: "Haɓa a ƙirji." Suka mirgina tare sau biyar. Sannan ya nuna masa inda zai sa ƙafa, a hankali, sau uku, kamar mai taka ƙwai. Ya miƙe tsaye ya ce: "To, kayar da ni." Yaron ya dubi Baba, ya dubi ƙaton nan, ya sa ƙafa ya tura. Gangara ya tafi da baya, gaba ɗayansa, ƙura ta tashi. Mutanen ƙauyensu uku suna wurin, sun zo kasuwa suka biyo. Ɗaya ya kama baki. Yara kuwa suka fashe da ihu, suka yi layi, kowa sai ya kayar da shi. Sau goma sha ɗaya muka ƙirga. Na ƙarshe mai ɗaurarren hannu ne ya matso, Mushe ya ce a'a, sai ya warke. Gangara ya ce masa daga kwance: "Ina bin ka bashi ɗaya ko kana bi na?" Yaron ya ce: "Ina bin ka."

Mutum 16 suka sami takarda cikin 19 da suka kai ƙarshe. Shi yana ciki.

Yanzu kowace Laraba da la'asar da Asabar da safe muna bayan gidan radiyo da yara 14. Sati biyu ke nan ba su yi komai ba sai faɗuwa, kuma sun fara gunaguni, ɗaya ma ya ce zai kai ƙararmu wajen babansa. Buhu muke nema, wanda aka zazzage siminti ko shinkafa, kamar guda 40, don kewaye fagen. Mai shi ya ajiye wajen mai gadi. Iyaye kuma, wanda zai turo ɗansa ya zo da kansa ranar farko, muna son mu ga juna. Shekaranjiya Gangara ya aiko saƙon murya ta WhatsApp, iska tana ta bugun wayar. Ya ce yaransa sun kai 26, mai sikelin garinsu ya hana aro, da igiya da dutse yake gwada nauyinsu, kuma a tambayi Mushe ko hakan ya halatta.